Hadlok ɗin Hambali da Ciwon Inna Gumsu

Guci, ƙarshen kakar gyaɗa, 1953

Takarda ta fito daga hannun Ɗela 'yar Gumsu, zuwa ga taubashina Hambali, mai ɗaukar buhunan gyaɗa a tashar jirgin ƙasa ta Kano.

Gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Ina fatan kana lafiya kamar yadda ka bar mu. Malam Illa ne ke rubuta mini, na kuma ce masa ya sa maganar yadda ta fito daga bakina, kada ya yi mata kwalliya, don ka san ni ce.

Bayan haka, kai Hambali, wane irin mutum ne kai? Tun da aka cire gyaɗa ka sa kai Kano, ko "ina gajiya" ba ka aiko mana ba. Jar akuyarka ta haifi biyu, ni ke fama da su, sun cinye mini ramar da na shanya. Rijiyar unguwa ta ja baya, sai an ƙara igiya. Mai gidana yana gaishe ka, yara ma haka.

Abin da ya sa na ɗauko Malam daga zaurensa shi ne Inna. Gwaggonka, wadda ta goye ka tun ranar da mahaifiyarka ta rasu ta bar ka cikin tsumma, ba ta jin daɗin jikinta. Tari ne da ciwon ƙirji, abinci ba ya shiga sosai. Amma da sauƙi. Sai dai duk wanda ya yi sallama a ƙofar gida sai ta ce a leƙa ko kai ne. Ta ce in gaya maka tana son ganinka. Ba ta ce don me ba, ni ma ban tambaya ba.

Maharazu mai fataucin goro ne zai kawo maka wannan, shi ke hawan kamyo, babbar motar kayan nan, daga Magariya zuwa Kano. Ka ba shi amsa ya dawo da ita. Ka kuma san yadda muke yi, a ɗakin Inna Malam zai karanta, kowa na ji. Saboda haka kada ka sa mana shashancinka na birni a ciki.

Wassalam.

Kano, watan Azumin Tsofaffi

Daga Hambali zuwa ga Ɗela uwar faɗa.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gaida Gwaggo da kyau da kyau, ina durƙushe. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. A gaida mai gida da yara da Malam Illa. Abokina Ayuba, akawun sitonmu, shi ke rubuta mini.

Takardarki ta iso. Da aka zo kan maganar Gwaggo gabana ya faɗi, da aka zo kan "da sauƙi" na sauke numfashi na ce alhamdu lillahi. Akuya kuwa, ki yi haƙuri da ita, halin mai ita ta ɗauko.

Zancen zuwa, wallahi tun kafin takardarki na yi niyya, har na ɗaure kayana. Sai na gamu da hadlok a wurin aiki. Haka ake cewa a nan. Ba abin da za a tayar wa Gwaggo hankali a kai ba ne, ya dai tsayar da ni wuri ɗaya. Da zarar ya wuce ina tafe, in Allah ya yarda.

Ga goro nan da ganyen shayi da sukari, da man zafi a riƙa shafa mata a ƙirji safe da yamma. Ke kuma na so in saya miki ɗankwali, sai na tuna ba a yi wanda zai rufe kanki ba tukuna.

Gwaggo, ki yi mini addu'a. Ɗanki ne Hambali.

Guci, tsakiyar bazara

Daga Ɗela zuwa ga Hambali.

Gaisuwa da fatan kana lafiya, in dai lafiyar kake, don ni yanzu ban sani ba. Saƙo ya iso, an gode, Allah ya saka. Maganar kaina kuwa, sai ka zo.

Hambali, mene ne hadlok?

Malam Illa yana cikin karatu tiryan-tiryan, da ya zo wurin sai ya tsaya cak. Ya kai takardar bakin ƙofa wajen haske, ya juya ta, ya dawo ya ce shi dai bai taɓa gamuwa da wannan a Larabci ba. Inna ta ɗago kai ta ce, "Ciwo ne ko mutum ne?" Maƙwabciyarmu ta rantse sunan mace ne, irin matan barikin nan, ta ce ita ta riƙe ka. Na ce wace mace ce za ta riƙe Hambali, da wannan haƙoran?

Ran kasuwa na bar tallan man gyaɗata na shiga neman ma'ana kamar wadda ta ɓatar da ɗa. Gardin kumandan, dogarin Baturen mulkinmu, ya ce babu wannan a Faransanci, in tambayi mutanen Ingilishi. Na tare Maharazu, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai ba komai ba ne, in mutum ya makara kamyo ya tafi ya bar shi, ko an cinye shi a karta, shi ke nan sai a ce masa hadlok. Hankalina ya kwanta, har na sayi rake. Ina juyowa sai ga Isufu, tsohon sojan nan na Ingilishi da ya yi aure a unguwarmu. Na ce bari in ƙara da shi. Yana jin kalmar fuskarsa ta canza. Ya ce a yaƙin Bama, ran da aka harbe wanda ke kusa da shi, Baturensu ya zo ya tsaya kan gawar, abin da ya faɗa ke nan. Raken ma ban san inda na yar da shi ba.

To ni wanne zan kama? Kamyo ne ya tafi ya bar ka, ko gawa ce ke aiko mana da shayi?

Wani abin kuma, Maharazu ya ce shi bai sa ka a ido ba. Wani dogon akawu ne ya karɓi takarda, shi ya kawo amsa da kaya, da ya tambaye ka aka ce ba ka kusa. Ina kake? In ɗaure ka aka yi, faɗi. In karta ka koya, faɗi, ba mu za mu fara jin kunya a garin nan ba.

Jikin Inna da sauƙi. Ta dai daina fitowa tsakar gida, Malam kuma yana yi mata rubutun sha. Shayin ta hana a taɓa, ta sa shi ƙarƙashin matashinta, ta ce sai ka zo ku sha tare. Ga ta nan tana jina, ta ce a ƙara maka da cewa damina ta kusa.

Ka amsa da Hausa, don Allah.

Kano, watan Sha'aban

Daga Hambali zuwa ga Ɗela.

Ina gaida Gwaggo, ina gaida kowa da kowa. Allah ya ƙara afuwa. Ki yi haƙuri da gajeruwar takarda, yau ba ni da ƙarfin dogon zance.

Ba mace ba ce, ba kurkuku ba ne, karta kuwa ko riƙe ta ban iya ba. Ki gaya wa maƙwabciyarku Allah ya shirye ta.

Maharazu da Isufu duk gaskiya suka gaya miki. Baturen sitonmu kalmar ke nan a bakinsa. Iska ta ɗauke masa hula ta jefa ƙarƙashin jirgi, ya ce hadlok. Ruwa ya jiƙa buhuna, hadlok. Ɗan kukunsa ya rasu, ya dafa kafaɗar mutumin ya ce hadlok, ya duba agogo ya wuce. Da farko haushinta nake ji, na ce wannan wace irin gaisuwa ce, ba Allah ba Annabi? Daga baya na ga tana da amfani. In ka faɗe ta ba mai yin salati, ba mai ɗora hannu a ka, kowa ya ci gaba da abin da yake yi. Mu ma leburori duk mun ɗauka.

Nawa dai ya ɗan ƙaru a makon da ya wuce, amma an ce daga nan sai sauƙi. Ban san ranar da zan taso ba. Tun da kin sake ce mini jikin Gwaggo da sauƙi, hankalina ya kwanta. A dafa mata shayin nan ta sha tun bai lalace ba, kada a jira ni.

Gwaggo, ina nan ina tunaninki.

Guci, cikin Azumi

Hambali.

Gaisuwar ma a taƙaice, muna lafiya, ya azumi. Yau ba a ɗakin Inna nake ba. Na jawo Malam Illa gindin itacen bedin ƙofar masallaci, don abin da zan faɗa ba na kunnenta ba ne.

"Kada a jira ni." Kai ka faɗi wannan, ko akawunka ne ya ƙara? Na sa Malam ya maimaita, ko zan ji ta canza, ba ta canza ba. Inna kuwa sai ta miƙa hannu ƙarƙashin matashinta. Ta zaro ƙullin shayin ta miƙo mini, ta ce a ba yara, ta juya fuskarta ga bango. Da yamma ina shafa mata man zafi na ji tana cewa, "Ashe ɗan Bature na goya." Tun daga ranar ko an yi sallama ba ta cewa a leƙa. Mai gidana ya ambaci sunanka, ta ce a bar ta ta huta. Mun zuba ido ko wata takarda za ta biyo baya ta gyara wannan, Maharazu ya je ya dawo hannu wofi.

Ni kaina a ɗaure yake. Ka ce abin ya ƙaru, ka ce daga nan sai sauƙi, ka ce ba ka da ƙarfin zance, amma ka sami ƙarfin ba mu labarin hular Bature. Ina ruwanmu da hularsa? Kullum ina juya maganarka ina neman inda zan kama, kamar mai neman bakin zare.

Sa'an nan ka ce hankalinka ya kwanta don na ce da sauƙi. Haba Hambali! Kai ba a garin nan aka haife ka ba? Yaushe ka taɓa jin an gaida mai jinya ya ce babu sauƙi? Ran da Baba ya rasu, da hantsi masu dubiya suka zo, kai da bakinka ka ce musu da sauƙi, kafin azahar ana wanke gawarsa. Kuma a gabanta nake faɗa Malam yana rubutawa, tana kallon bakina. Me kake so in ce?

To yanzu ji. Inna tafiya take yi. Malam ya ajiye alƙalami ya ce ba a faɗin haka, rai na hannun Allah. Na ce na sani, Allah ya yafe mini, rubuta. Ruwa kaɗai ke wucewa, shi ma da cokali. In ka ɗaga ta kamar ka ɗaga ƙwarya.

Ba tafiyar ce ke ci mini rai ba, kowa zai tafi. Abin da ke hana ni sukuni shi ne za ta tafi tana ganin ka ƙi ta. Matar da ta sayar da 'yan kunnenta ta saya maka akuyar da ka sha nononta. In kana da sauran kunya, ka hau kamyo ka zo. In ba za ka zo ba, ka gaya mini dalili da bakin da ta koya maka magana.

Ɗela.

Kano, goman ƙarshe na Azumi

Maharazu, don girman Allah ka gaya wa Malam Illa kada a karanta wannan a ɗakin Gwaggo.

Ɗela 'yar'uwata, ina gaishe ki, ina gaida ki da jinya. Takardarki ta same ni a asibiti. A nan ta farko ma ta same ni. Ayuba ne ke kawo mini su yana karantawa a bakin gado.

Ba ni da ƙafa ɗaya, Ɗela. An yanke ta.

Ana haɗa taragun jirgi ne, ni kuma na ɗauko buhu a baya zan tsallaka. Gyaɗa ta zube a wurin, santsi ya kwashe ni, tarago ya gangaro ya bi ta kan sawuna. Ban ma ji zafi ba da farko, ihun mutane na ji. Baturen ya zo ya duba, ya cire hularsa ya ce, "Hadlok, Hambali." Da Ayuba ya tambaye ni me za a rubuta wa gida, na duba duk Hausar da na sani, kowace kalma na ɗauko sai in ga Gwaggo ta dafe ƙirji. Sai na ba shi ta Baturen.

Lokacin ina sa rai za ta warke, in zo da ɗingishi in ce faɗuwa na yi. Sai ta fara wari. Likita ya ce ko ƙafa ko rai. Suka yanke daga ƙasan gwiwa. Takardar da na ce kada a jira ni, kwana kaɗan ke nan da yankan, zazzaɓi na kaɗa ni, ban san ma yadda maganar ta fita ba. Nufina ta sha shayinta, wallahi iyakar nufina ke nan. Har yanzu yatsun na yi mini ƙaiƙayi, in miƙa hannu in sosa in tarar da zanen gado.

Kin tambaye ni ko ban san ma'anar da sauƙi ba. Na sani sarai. Na ga dai in na yarda da ita zan iya runtsawa, shi ya sa na riƙe ta hannu biyu.

Na roƙi likita ya sallame ni, har kuka na yi masa, ƙato da ni. Ya ce ciwon bai rufe ba, in na hau mota a wannan hanyar jini zai ɓalle kafin iyaka. Sai bayan Salla, in ji shi, shi ma in an ga hali.

Na rasa abin yi. In an gaya mata, labarin zai iya ƙarasa ta, ya zama ni na kashe ta. In ba a gaya mata ba, ta tafi da fushina, ina zan sa kaina duniya da lahira? Ina juya abin nan tun jiya ban ga gabansa ba. Ke ce kusa da ita, ke kike ganin idonta. Na bar miki.

Ki yafe mini. Hambali.

Guci, bayan ƙaramar Salla

Daga Ɗela zuwa ga ɗan'uwana Hambali.

Ina gaishe ka, ya jiki? Kada ka amsa mini da abin da aka saba, ka faɗi yadda yake. Sannu, Hambali. Sannu. Allah ya sa iyakar wahalar ke nan. Duk zagin da na yi maka na janye, ban da na haƙora.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna ta rasu ran Alhamis ɗin bayan Salla, da hantsi, kanta a cinyata. An yi mata sutura, jama'a ta taru har daga Dungas. Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri, ni da kai.

Takardarka ta riske ta da rai. A gindin bedi Malam ya karanta mini, na zauna a ƙasa ban san na zauna ba. Malam ya ce kada a gaya mata, ba a kai wa mai jinya mugun labari. Mai gidana ma ya ce haka. Na shiga ɗakin na fito, na sake shiga na fito, na ɗauki tsintsiya na share inda na riga na share. Da la'asar na ce su duka ba su ne suka ga ta juya wa bango fuska ba. Na shiga na zauna na kama hannunta.

Na ce, "Inna, Hambali ya aiko." Ta ce ba ta so. Na ce, "Jirgi ne ya taka shi, an yanke masa ƙafa. Tun kafin takardarmu ta farko yana kwance a asibiti."

Na ce a raina shi ke nan, na kashe uwata da bakina. Can sai ta juyo. Rabon da ta juyo da kanta har na manta.

Ta ce, "Ƙafa?"

Na ce, "Ƙafa, Inna."

Ta ce, "Ba ƙina ya yi ba?"

Na ce, "Ba ƙinki ya yi ba. Kuka yake yi wa likita a bar shi ya zo."

Hambali, sai matar nan ta yi dariya. Dariya sosai, har tari ya sarƙe ta, tana cewa alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Kaina ya ɗaure, na ce ko ba ta ji ba ne. Na ce, "Inna, yankewa fa aka yi." Ta ce, "Na ji, ni kurma ce?" Sa'an nan kukan ya zo, muka yi shi tare har aka kira magariba. Ta zage ka tas, ta ce tun kana yaro haka kake, ka fasa ƙwarya ka ɓoye a bayan rumbu. Ranar ta sha fura da hannunta.

Ta ce in gaya maka ta yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mata zargin da ta yi maka. Ta ce kada ka zauna a Kano kana jin kunyar mutane, ka dawo gida, mai ƙafa ɗaya ma yana tufka igiya yana saƙa tabarma. In likita ya sallame ka, ka aiko ta hannun Maharazu, mai gidana zai tarye ka a Magariya da jaki.

Akwai abu ɗaya da ta yi ta tambayata har ranar ƙarshe, na kasa amsawa. Ta ce wace ƙafar ce? Wai in ta hagu ce, ita ce ka taka wuta da ita kana koyon tafiya, ita ta yi ta shafa mata mai har ta warke, ta san ta ciki da waje. Na sa Malam ya sake bin takardarka daga sama har ƙasa, ba ka faɗa ba. Na ce mata zan tambaye ka.

To ga shi na tambaya. Ka rubuto ka gaya mini, ko da yake mai son sanin ba ta nan.

'Yar'uwarka Ɗela.